Tarihin Sassaƙar Maƙogwaron Inji da Gugarsa, Har Zuwa Kan Babur Mai Ƙafa Huɗu

1. Gabatarwa

A ƙasar Amurka da waɗansu ƙasashen Turawa akwai wani irin abin hawa wanda ba don kwalta aka yi shi ba, sai don jeji da taɓo da rairayi. Sirdinsa da abin tuƙinsa irin na babur ne, amma ƙafafunsa huɗu ne, gajeru, masu faɗi, ba a cika musu iska ƙwarai. Manoma da masu kiwo suna aikin gona da shi, samari kuwa suna tsere. Cikin masu tseren nan akwai wata sana'a da ta yi suna, watau a kwance injin, a sassaƙe hanyoyin da iska ke bi ta shiga ta fita, sa'an nan a goge su, don injin ya ƙara ƙarfi. Hanyoyin nan su a ke kira maƙogwaron inji cikin wannan takarda.

Sunan da masu sana'ar suka sa wa aikin kashi biyu ne, sassaƙa da guga. Jama'a sun fi riƙe na biyun, domin shi ido ke gani: wanda ya biya kuɗinsa, in aka miƙo masa ƙarfe yana sheƙi kamar madubi, sai ransa ya yi fari. Amma wanda ya bi tarihin aikin zai ga ƙarfin da a ke samu ba daga sheƙin ya ke zuwa ba. Daga siffar hanyar ya ke zuwa, da girmanta, da lokacin buɗewarta da rufewarta, waɗannan kuwa ba a sanin su sai da awo. Ilmin ya girmi babur mai ƙafa huɗu da sama da shekara 50. An haife shi a Ingila, ya yi ƙarfi a Jamus, ya ƙetara Japan, daga can ya sauka Amurka.

2. Numfashin Inji

Kowane injin fetur abu guda ya ke yi: ya shaƙi iska gauraye da fetur, ya matse su cikin silinda, fulogi ya ba su wuta, su fashe su tura fistin, fistin ya juya karanshaf, karanshaf ya juya ƙafa. Fetur ba ya ƙonewa sarai sai ya sami iskar da ta kai nauyinsa wajen sau 15. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, amma in ba a ƙara iska ba sai hayaƙi da ɓarna. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da ya ke iya shaƙa. Misalinsa wutar maƙera ce, kome yawan gawayi, zafinta na ga zugazugi.

Injunan nan iri biyu ne. Na fari shi ne mai bugu huɗu, wanda Nikolaus Otto ya kammala a Jamus cikin shekarar 1876. A cikinsa fistin na sauka ya ja iska, ya hau ya matse ta, ya sauka da ƙarfin wuta, ya hau ya kori hayaƙi. Yana da bawul a murfin silinda masu buɗe hanya da rufe ta. Na biyu shi ne mai bugu biyu, wanda Joseph Day ya fito da samfurinsa mai sauƙi a Ingila wajen 1891. Shi ba shi da bawul irin na wancan. Tagogi aka huda a jikin silinda, fistin da kansa ke buɗe su yana rufewa sa'ad da ya ke hawa da sauka, kowane juyi guda kuwa sai wuta ta tashi. Mutanen ƙasar Hausa sun san shi sarai, domin shi ne a cikin tsohuwar Vespa da ƙananan janareto waɗanda a ke gauraya musu baƙin mai cikin fetur.

Wuyar al'amarin ita ce ƙarancin lokaci. Injin da ke juyi 8,000 a minti guda, in mai bugu huɗu ne, zai shaƙi iska wajen sau 67 cikin daƙiƙa ɗaya, in mai bugu biyu ne kuwa sau 133. Cikin wannan ɗan ƙiftawa, kowane tudu ko kwana mai kaifi da iska ta tarar a hanya zai rage abin da ke isa silinda. Ga shi kuwa a masana'anta zubi a ke yi wa murfin silinda cikin mazubi, kamar yadda maƙeran fari ke zuba tukunyar alminiyam cikin ƙasa, dubbai a kan yi, ba mai zama ya bi kowane ɗaya da magagari. Don haka sai a sami kaushi, da tabon mahaɗar mazubi, da wurin da baki bai haɗu da baki daidai ba. Nan ne sana'ar ta samo ƙofarta.

3. Weslake da Ma'aunin Iska

Tun farkon tseren mota da babur makanikai suka lura da kaushin nan, suka riƙa kankare shi suna gogewa. Da ido su ke aikin, da yatsa, hankalinsu kuwa ya ba su cewa hanya mai faɗi mai sulɓi ita ce mafi kyau. Wani lokaci injin ya ƙaru, wani lokaci ya ragu, ba wanda ya san dalili.

Mutane biyu suka sake wannan al'amari a Ingila. Ɗaya shi ne Harry Ricardo, wanda bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna cewa iskar da ta shiga silinda tana dambarwa ta fi saurin ƙonewa bisa wadda ta shiga a natse, ya kuma bayyana bincikensa cikin littafi a 1923. Daga nan aka gane ba yawan iska kaɗai a ke nema ba, har da irin shigar da ta ke yi.

Na biyu shi ne Harry Weslake, wanda aka haifa a Exeter cikin 1897. Mahaifinsa yana cikin manyan wani kamfani mai ƙera ma'aunin iskar gas, saboda haka tun yana yaro ya saba da cewa iska abin aunawa ce, kamar hatsi da ruwa. Cikin shekarun 1920, sa'ad da ya ke gyaran baburan tsere, sai ya haɗa na'ura wadda ke jan iska ta cikin maƙogwaron inji tana nuna yawan abin da ya wuce. Da ita ya kan gwada hanya, ya sassaƙe kaɗan, ya sake gwadawa, in awo ya ƙaru ya ci gaba, in ya ragu ya san ya yi kuskure. Gani ya kori ji. Kamfanin Bentley ya nemi taimakonsa, motocinsu kuwa suka ɗauki na ɗaya har zuwa na huɗu a tseren Le Mans na ƙasar Faransa cikin 1929. A 1935 ya tsara wa kamfanin SS, wanda daga baya ya zama Jaguar, sabon murfin silinda mai bawul a sama, ƙarfin injin ya tashi daga na doki wajen 70 zuwa sama da 100. Ya ci gaba da aiki a garin Rye har rasuwarsa cikin 1978.

Abin da awo ya koya wa Weslake da waɗanda suka bi bayansa ya saɓa wa abin da ido ke tsammani. Mafi yawan cikas ba a bakin hanya ya ke ba, inda mutum ke leƙawa, yana can ciki dab da mazaunin bawul, inda iska ke karya kwana ta faɗa silinda. Har wa yau, faɗaɗa hanya ba kullum ke da amfani ba. Tun 1797 Venturi, mutumin Italiya, ya bayyana cewa abu mai gudana yana ƙara sauri inda hanya ta tsuke, yana rage sauri inda ta buɗe, abin da kowane mai ban ruwa a lambu ya sani. Iskar da ke tafe da sauri tana da tunkuɗa, ta kan ci gaba da cusa kanta cikin silinda ko bayan fistin ya kai ƙasa ya soma dawowa. In aka faɗaɗa hanya fiye da kima sai tunkuɗar nan ta mutu, injin ya yi sanyi a ƙaramin juyi, ba ya farfaɗowa sai an kai shi ƙarshen wuta.

4. Tagogin Zschopau

Wancan ilmi na mai bugu huɗu ne. Na mai bugu biyu kuwa a wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Zschopau ya girma, inda masana'antar baburan DKW ta ke. Aibin injin nan tun asali shi ne tagar shigar sabuwar iska da tagar fitar hayaƙi suna buɗe lokaci guda, saboda haka wani kashi na fetur ya kan bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba. Cikin shekarun 1920 wani injiniya, Adolf Schnürle, ya tsara tagogin shiga a karkace, yadda sabuwar iska za ta nufi bangon da ke nesa da tagar hayaƙi, ta hau sama, ta kewayo, ta koro hayaƙin daga baya. DKW ta soma aiki da dabarar a farkon shekarun 1930. Tun daga ran nan kusurwar da taga ke fuskanta ta zama abin lura kamar girmanta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka raba Jamus, Zschopau ta faɗa cikin ta Gabas, masana'antar ta koma amsa sunan MZ. A 1953 aka ba Walter Kaaden shugabancin sashen tsere. Ba shi da kuɗi, ba shi da kayan aiki irin na abokan gasarsa, sai haƙuri da gwaji. Ya ɗauki wata dabara da Erich Wolf na DKW ya fara, ta salansa mai tumbi kamar gora, ya bi ta har ƙarshenta. Sa'ad da tagar hayaƙi ta buɗe, wata ƙara mai ƙarfi kan ruga cikin salansa. Inda tumbin ya buɗe sai ta janyo hayaƙi waje, inda ya tsuke kuwa sai ta dawo kamar amsa-kuwwa, ta tura fetur ɗin da ya tsere ta mai da shi cikin silinda kafin fistin ya rufe tagar. Amma dawowar nan ba ta amfani sai ta zo kan lokaci, lokacin kuwa ya rataya ne ga tsawon salansa da tsayin tagar. Da haka Kaaden ya tabbatar taga da salansa abu guda ne, ba a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Cikin 1961 injinsa mai cc 125 ya ba da ƙarfin doki 25, watau 200 ga kowace lita, abin da ba a taɓa samu ba ga injin da ke shaƙar iska da kansa.

A shekarar nan ce aka gina katangar Berlin, cikin watan Agusta. A watan Satumba babban mahayin MZ, Ernst Degner, wanda kuma ya san injin ciki da waje, ya je tsere ƙasar Suwidin, daga can bai koma gida ba, ya tsallaka Jamus ta Yamma inda aka riga aka fitar da iyalinsa a ɓoye. Kafin shekara ta ƙare yana Hamamatsu ta Japan wurin kamfanin Suzuki. Cikin 1962 ya ci wa Suzuki kambin duniya na ajin cc 50, na farko da kamfanin ya taɓa samu. Daga nan ilmin tagogi da salansa ya bazu cikin masana'antun Japan, Yamaha da Kawasaki ma suka yi nisa a cikinsa.

Bai tsaya a masana'anta ba. A 1973 wani marubuci na Amurka, Gordon Jennings, ya fitar da ɗan littafi don masu gyaran inji mai bugu biyu, ya koya musu lissafin da ke haɗa faɗin taga da tsawon lokacin da ta ke buɗe. A Jami'ar Queen's ta Belfast kuma Farfesa Gordon Blair ya shafe shekaru yana binciken motsin iska cikin injin nan. Saboda haka kafin babur mai ƙafa huɗu ya bayyana, makaniken ƙauye a Amurka yana da abin da zai karanta.

5. Daga Ƙafa Uku Zuwa Ƙafa Huɗu

Asalin abin hawan ciniki ne ya kawo shi. A ƙarshen shekarun 1960 dillalan Honda na Amurka suka nemi abin da za su sayar da hunturu, sa'ad da cinikin babur ke faɗuwa. Wani injiniyan kamfanin, Osamu Takeuchi, ya ƙera ɗan babur mai ƙafa uku masu taushi kamar balan-balan, aka fito da shi cikin 1970 da sunan US90. Injinsa mai bugu huɗu ne, cc 89, ƙarfin doki 7. Abin wasa aka ɗauke shi da fari, daga baya manoma suka ga amfaninsa, samari kuma suka soma tsere da shi.

Tseren ya sa aka nemi ƙarfi. A 1981 Honda ta fito da ATC250R mai inji bugu biyu, wanda aka yi musamman don gudu. A 1982 Suzuki ta fito da QuadRunner LT125 mai ƙafa huɗu, a 1985 kuma ta biyo da LT250R na tsere. Honda ta amsa da TRX250R, wanda aka yi daga 1986 zuwa 1989. Yamaha kuwa cikin 1987 ta kawo Banshee, mai silinda biyu, cc 347, wanda ruwa ke sanyaya shi. Injinsa daga zuriyar baburan RD350 da RZ350 ya fito, watau jikan ilmin nan ne da ya ƙetaro daga Zschopau.

Ana cikin haka sai mai ƙafa uku ya gamu da shari'a. Yana da saurin kifewa a kwana, mutane da yawa suka ji rauni, waɗansu suka mutu, cikinsu har da yara. A 1988 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya ta shekara 10 a gaban kotu da kamfanonin Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki da Polaris, suka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku. Fage ya zama na mai ƙafa huɗu. Masu hawan tuddan rairayi, irin na Glamis a jihar Kalifoniya, suka rungumi Banshee, domin rairayi na cin ƙarfin inji, hawan tudu kuma na son juyi mai yawa. Kamfanin ya bar injin da sauran ƙarfi a ɓoye, don ya daɗe kuma ya yi wa kowa sauƙin hawa. Wannan ragowa ita masu sassaƙa suka shiga haƙowa, har ƙananan shaguna da yawa suka rayu a kanta.

6. Yadda Aikin Ke Gudana

Silindar Banshee ta alminiyam ce, an zura mata hannun riga na baƙin ƙarfe a ciki, inda fistin ke gudu. Faɗinta milimita 64, tafiyar fistin kuwa milimita 54. Sau da yawa tagar da aka huda a ƙarfen ba ta dace da hanyar da ke bayanta cikin alminiyam ba, sai a sami ɗan dakali. Mataki na fari, wanda ba shi da haɗari ƙwarai, shi ne share dakalan nan da daidaita bakin kowace hanya da na abokiyar haɗinta. Kayan aikin su ne 'yar na'urar gurza mai juyi, da haƙoran ƙarfe iri iri, da magagari, da sanfefa.

Mataki na biyu shi ne sake lokaci. Gwani ba ya soma yanka sai ya ɗaura faifai mai digiri 360 a kan karanshaf, ya juya shi a hankali, ya rubuta inda kowace taga ke buɗewa da inda ta ke rufewa. A injin da tafiyar fistinsa ta ke milimita 54, in aka ɗaga rufin tagar hayaƙi da milimita 1 tak, za ta riga lokacinta buɗewa da wajen digiri 2, ta kuma yi jinkirin rufewa da wajen digiri 2. Wannan ɗan abu ya isa ya sake halin injin. Ƙarfinsa zai ƙaura zuwa babban juyi, amma zai ragu a ƙaramin juyi, domin an saki wutar tun ba ta gama tura fistin ba. Don haka a kan tambayi mai babur tukuna inda za shi hau. Sassaƙar mai tseren miƙaƙƙen fili dabam, ta mai hawan rairayi dabam, ta mai ratsa kurmi da duwatsu kuma dabam. Wanda ya kai injin tseren fili cikin kurmi zai wuni yana fama da giya.

Faɗaɗa tagar hayaƙi ta gefe na ƙara fitar hayaƙi ba tare da sake lokaci ba, amma shi ma da iyakarsa. Ringin fistin na bi ta kan tagar sau biyu kowane juyi, in ta yi faɗi da yawa sai ya bulluƙo ciki ya sarƙe ya karye. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kada taga guda marar ginshiƙi ta wuce wajen kashi 70 cikin 100 na faɗin silinda, a kuma dakushe kaifin bakinta. Tagogin shiga sun fi duka wuya, domin in aka ɓata kusurwarsu, ko aka bar ta dama ta saɓa da ta hagu, kewayon nan na Schnürle ya lalace. Bayan bangon kuma akwai hanyar ruwan sanyaya inji, wanda ya zurfafa gurza sai ya huda ta. Ƙarfen da aka cire kuwa ba ya komawa sai da walda ko sabuwar silinda. Makanikai nawa suka rasa ido garin gyaran gira.

Ko an gama yanka aiki bai ƙare ba. Injin da ya ƙara shaƙar iska yana bukatar ƙarin fetur, sai a sake 'yar kafar nan ta kafireto wadda makanikai ke kira jet. In aka manta, gaurayen ya yi ƙarancin fetur, zafi ya yi yawa, fistin ya narke ya liƙe a silinda, wani lokaci ana tsakiyar gudu. Salansa ma sai an sa wadda ta dace da sabon lokacin tagar, kamar yadda Kaaden ya nuna. Har wa yau, injin da aka ƙara wa juyi ya fi saurin cin ringi da fistin, ya fi shan mai, birki da ƙafafun da aka yi don ƙarfin fari kuma sai su ɗauki nauyin da ba a tsara musu ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

7. Batun Sheƙi

Saura guga, wadda ita ce rabin sunan sana'ar. Cikin 1904 wani masani na Jamus, Ludwig Prandtl, ya bayyana a wani taro a Heidelberg cewa iskar da ke manne da bango ba ta motsi, sai wadda ke bisanta ke zamewa a kanta, saurin na ƙaruwa har zuwa tsakiyar hanya. Ma'anarsa ita ce, muddin an kawar da manyan tudu da dakali, iskar da ke gudu ba ta san bambancin bango mai ɗan kaushi da bango mai sheƙi ba sai kaɗan. Na'urorin awo na zamani, waɗanda a kan gwada hanya da su bisa matsi guda sananne, galibi na inci 28 na ruwa, sun tabbatar da haka. Sake siffar kwana kan nuna ƙari bayyananne, guga har ta zama madubi kuwa da ƙyar allura ke motsawa.

A hanyar shiga ma sheƙin na iya jawo hasara. Fetur daga kafireto ba duka ke zama tururi ba, wani yana tafe ne ɗigo-ɗigo. A bango mai sulɓi ɗigon kan taru ya kwanta ya riƙa malala, ya shiga silinda a dunƙule, ba ya ƙonewa da kyau. Ɗan kaushin da sanfefa ke bari yana taimakawa ya tashe shi ya mai da shi cikin iska. Saboda haka gwanaye suka koma barin hanyar shiga da ɗan kaushi, su goge hanyar hayaƙi da rufin ɗakin wuta. Can ma ba don iska ta ƙara gudu a ke yi ba, sai don kunkunniya ta rasa wurin kamawa, kada kuma wani tsini ya yi ja da zafi ya ta da wuta kafin fulogi. Ashe guga na da amfaninta, amma na tsabta ne da kariya. Sunan dai ya zauna tun zamanin da a ke aiki da ido, har yau ba a sake shi ba.

8. Komawar Mai Bugu Huɗu

Hayaƙi shi ya kawo ƙarshen zamanin mai bugu biyu, domin yana ƙona baƙin mai tare da fetur, wani fetur ɗin kuma na ficewa ɗanye. A 2002 hukumar kiyaye muhalli ta Amurka ta kafa dokokin hayaƙi ga ababan hawa na jeji, waɗanda suka soma aiki daga 2006. Shekarar 2006 ɗin ce ta ƙarshe da aka sayar da sabon Banshee a Amurka. Kamfanoni sun riga sun shirya. Yamaha ta fito da YFZ450 samfurin 2004, mai bugu huɗu da bawul 5, Honda ta fito da TRX450R a shekarar nan, Suzuki kuma ta kawo LT-R450 cikin 2006, wanda ba shi da kafireto, na'ura ce ke fesa masa fetur.

Da haka sana'ar ta koma kan tafarkin Weslake, watau murfin silinda, da kwanar da ke bayan bawul, da mazauninsa, wanda a kan yanka shi kusurwa uku, digiri 30 da 45 da 60, don iska ta karya kwana sannu a hankali. Ribar da a ke samu ta ragu bisa ta dā, domin masana'antu sun iya zubi, suna kuma gwada siffar hanya cikin kwamfuta kafin su narka ƙarfe. Daga baya kuma aka soma aiki da injin yanka wanda kwamfuta ke tuƙawa. Gwani zai sassaƙa hanya guda da hannu, ya auna ta har ta gamshe shi, a kwafi siffarta, injin ya maimaita ta sau ɗari ba kuskure. Tsofaffin Banshee da TRX250R kuwa ba su ɓace ba, akwai masu ƙera musu sababbin silinda da kayan gyara, masu sha'awarsu na hawansu a rairayi.

9. Kammalawa

Daga ma'aunin Weslake na shekarun 1920 zuwa injin yanka mai kwamfuta, kayan aiki sun sake sau da yawa, abin hawan ma ya tashi daga ƙafa biyu zuwa uku zuwa huɗu. Ka'idar aikin ita ce ba ta sake ba. A auna kafin a yanka, a yanka kaɗan, a sake aunawa, a kuma san irin ƙasar da za a hau kafin a taɓa ƙarfe. Duk ci gaban da aka samu cikin tarihin nan daga hannun waɗanda suka bi wannan ka'ida ya fito, Weslake a Rye, Kaaden a Zschopau, da makanikan da suka karanta lissafin Jennings suka ɗaura faifan digiri. Malamin da ke koya wa ɗalibai aikin inji zai sami misali mai amfani a nan, domin silinda biyu na iya zama gabansa, ɗaya na walƙiya ɗaya dishi-dishi, ba kuwa mai iya faɗin wadda ta fi ƙarfi sai an ɗora su bisa ma'auni.